Lateks mai roba da ma'adini a ƙwaya ɗaya: da gaske ya bambanta da abin da muke damawa a duro?

Mai_Fenti_Dakata:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shekara tara ke nan ina haɗa fentin ruwa a ɗan shagona, kuma a hannu na koya, ban yi karatun kimiyya ba. Ɗan yayata da ke karatun sinadarai ya zo hutu ya tarar da ni a kan duro, sai yake ce mini yanzu akwai wani lateks da ake ƙera kowace ƙwayarsa da roba da ma'adini a haɗe, kamar silika (ma'adinin yashi) ko taitan (farin garin da ke sa fenti ya rufe bango) ko yumɓu, wai fentin da aka yi da shi ba ya kama ƙura sosai kuma ba ya saurin yin gari a bango. Na ce masa ai mu ma abin da muke yi ke nan: ruwa, Calgon mai watsa gari a ruwa, taitan, kalsiyom (garin farin dutse), PVA (robar fenti), Natrosol mai sa kauri, a juya har ya haɗu. Roba da dutse ne su ma. Ya ce ba ɗaya ba ne, amma bayaninsa bai shige ni ba. Masana, ina bambancin yake? Abin da ya fi damuna kuma, akwai gidan da na ba fenti bara, kafin damina ta fita bangon waje ya fara bin hannu fari fat. Irin wannan lateks ɗin ne maganin haka?

Baban_Walid:
Wa alaikumus salam. Malam, ni dai a ganina sabon suna ne kawai don a ƙara kuɗi. Fenti fenti ne. Ka ƙara PVA ka rage kalsiyom, magana ta ƙare.

Malama_Kimiyya:
Wa alaikumus salam Malam. Ɗanka ya faɗi gaskiya, ba ɗaya ba ne. Bari in fara daga tushe. Lateks na nufin ƙananan ƙwayoyin folima, wato dangin roba, da ke yawo a cikin ruwa ba tare da sun narke ba. Farin ruwan da ke fita idan ka karya tumfafiya lateks ne, haka wanda ake tatsa daga itacen roba a Edo da Delta. PVA da akirilik da kake saya na masana'anta ne, kuma girman ƙwayarsu yawanci bai wuce nanomita ɗari zuwa 'yan ɗaruruwa ba. Kaurin gashin kai guda ɗaya ya kai nanomita dubu hamsin ko fiye, ka ga irin ƙanƙantar.

A duronka, ƙwayar roba daban take yawo, ƙwayar taitan daban, ta kalsiyom daban. Idan ruwa ya bushe a bango, kowa inda ya faɗi nan zai zauna. Taitan yakan dunƙule da 'yan'uwansa a wuri ɗaya, wani wurin kuma babu shi. A lateks ɗin da ɗanka yake magana, tun kafin a zo haɗa fenti an riga an manne ma'adinin da robar a ƙwaya guda, don haka duk inda ɗaya ya je ɗayan na tare da shi.

Siffofin ma sun bambanta. Akwai wanda ma'adinin ke tsakiya roba ta lulluɓe shi, kamar dabino da ƙwallonsa. Akwai wanda robar ce a tsakiya, ƙananan ƙwayoyin silika suka kewaye ta, kamar dunƙulen fura da aka mirgina a gari. Akwai kuma wanda silikar ta warwatsu a cikin robar kamar riɗi a jikin kantu.

Ummu_Hanan:
Misalin furar nan ya yi min, Malama. Yanzu na gane.

Dalibi_Samaru:
Malama, ƙarin bayani kan misalin fura. Garin da ake mirgina fura a ciki shi ke hana dunƙulen mannewa da juna, kuma aikin da silika ke yi ke nan a irin wannan siffar. A ka'ida sai an sa sinadari dangin sabulu kafin ƙwayoyin roba su zauna a ruwa ba tare da sun cure ba. Amma an daɗe da gano cewa garin abu mai laushi ƙwarai zai iya tsayawa tsakanin mai da ruwa ya yi wannan aikin. Walter Ramsden ya rubuta a kai a 1903, sai Pickering a 1907, kuma sunan Pickering ne ya bi abin har yau. Amfaninsa a fenti shi ne sabulun da ya rage a bango yana jan ruwa, idan aka rage shi fentin ya fi jure damina.

Mai_Fenti_Dakata:
Na gode Malama, na gode ƙanena. To in na sayo garin silika na zuba a cikin akirilik na juya da injin sosai, ba zai manne ba?

Malama_Kimiyya:
Da wuya, Malam. Dalili biyu. Na farko, fuskar silika tana son ruwa, robar kuma ba ta so, don haka ba su da abin da zai ja su zuwa ga juna. Na biyu, a ruwa mai ammoniya irin na fenti, silika na ɗauke da caji mai korar irin cajin da yawancin lateks ke ɗauke da shi, sai su riƙa ture juna. Shi ya sa ake buƙatar mai shiga tsakani. Wasu suna shafa wa silikar sinadarin silen, wanda kansa ɗaya ke kama silika, ɗaya kan kuma ya shiga sarƙar folima lokacin da ake dafa ta. Wasu suna ba robar kishiyar cajin silikar don su jawo juna. Duk wannan a cikin tukunyar masana'anta ake yin sa, da zafi mai awo da juyi mai awo, a lokacin da ake haifar da folimar kanta. Elodie Bourgeat-Lami a Liyon ta Faransa da Steven Armes a Ingila sun shafe shekaru suna aiki a kan waɗannan hanyoyin.

Kuma garin silika na kasuwa ya yi girma da yawa. Wadda ake nufi ƙwayarta nanomita goma zuwa 'yan gomomi ce, a ruwa ake sayar da ita.

Injiniya_Fagge:
Kafin a tafi nesa, ina so in koma kan bangon da ya yi gari, domin ina ganin ba ya buƙatar wata sabuwar fasaha. Malam Mai Fenti, tambaya uku. PVA ka sa a fentin waje? Yaushe aka yi filastar kafin a shafa? Wane irin taitan ka saya?

Ina tambaya ne saboda sabon siminti yana da ƙarfin kanwa sosai, kuma PVA ba ya jure wannan, yana cin sa a hankali musamman idan akwai danshi. Shi ya sa ake cewa a bar filasta ta yi kamar mako huɗu, a kuma yi amfani da akirilik a waje. Taitan kuma iri biyu ne, rutayil da anatas. Anatas idan rana ta doke shi yana taimakawa wajen cinye robar da ke riƙe da shi, sai fentin ya koma gari. Rutayil na fenti ana lulluɓe shi da ɗan siririn alumina da silika don hana hakan. Sannan akwai maganar da Baban Walid ya yi, wadda gaskiya ce: in kalsiyom ya fi ƙarfin robar da za ta riƙe shi, ko wane lateks ka kawo sai ya bi hannu.

Mai_Fenti_Dakata:
Injiniya, ka taɓo wurin. PVA ne, kuma mai gidan yana sauri saboda biki, filastar ba ta fi kwana goma ba. Taitan kuwa abin da mai shago ya ba ni na karɓa, ban duba rubutun buhun ba. Daga yau zan riƙa dubawa.

Baban_Walid:
Kun gani? Ai na faɗa. Ba sai an je Faransa ba.

Malama_Kimiyya:
Baban Walid, a kan wannan bangon kana da gaskiya, kuma Injiniya ya warware shi. Amma cewa sabon suna ne kawai, nan ban yarda ba. Akwai matsalar da ƙara roba ba ya magance ta. Kafin fenti ya zama fata guda a bango, dole ƙwayoyin robar su yi laushin da za su narke cikin juna idan ruwa ya tafi. Robar da ake kira folistirin ba ta laushi sai zafi ya kai wajen digiri 100, ita kuwa ta butil akirilet tun daga wajen digiri 50 ƙasa da sifili take da laushi. Masu ƙera lateks suna gauraya irin waɗannan don su sami tsaka-tsaki. In ya yi tauri, fentin ya tsage. In ya yi laushi, rana ta gasa bango a watan Afrilu ya yi danƙo, ƙura ta manne ta zauna. Ƙara irin wannan robar ƙara danƙo ne.

Haɗin silika a nan yake da amfani. Robar tana da laushinta ta rufe bango, silikar kuma ta yi mata kamar ƙashi a ciki, fuskar ta yi tauri. Kamfanin BASF na Jamus yana da irin wannan mai suna COL.9 da aka yi don bangon waje.

Magini_Damagaram:
Salamu alaikum, ina biye da ku daga Zinder. Ni magini ne, gadon gida. Abin da kuke faɗi ya tuna mini da laso. Iyayenmu suna ɗaukar katsi daga marina, su haɗa da gashin jima da ruwan dafara, su shafe rufin soro da ramin rini, ruwa ba ya ratsawa. Makuba kuma daga kwasfar ɗorawa ake samunta, a haɗa da ƙasa a yaɓe bango. Wato abin da ya fito daga tsiro da dabba ne ake haɗawa da na ƙasa, kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Ashe tunanin ba sabo ba ne.

Alaramma_Gwale:
Haka ma tawada, Malam Magini. Baƙin da aka samo daga gawayi ko gindin tukunya, in ba a sa ƙaro ba sai ya kwanta a ƙasan kurtu, in an rubuta ya goge. Ƙaron ne ke riƙe shi a ruwa kuma ya manne shi a allo.

Dalibi_Samaru:
Allah ya gafarta Malam, misalin tawada ya ma fi kusa, domin ƙaro folima ne na halitta kuma yana zama ne a jikin kowace ƙwayar baƙin. Laso da makuba sun fi kama da abin da Malam Mai Fenti ke yi a duro, gauraye ne na gaba ɗaya. Hikimar ɗaya ce, ma'aunin ne ya bambanta.

Magini_Damagaram:
Na yarda, yaro. Amma laso da aka yi da kyau ya fi wasu fentin yanzu daɗewa, wannan na gani da idona.

Injiniya_Fagge:
Malama, ina da ja a kan abu ɗaya. Fentin silika da ake yi a Turai, wani ɓangare na tsabtarsa ya dogara ne da ruwan sama: fuskar tana barin ruwa ya shimfiɗu ya wanke dattin. Mu nan daga Oktoba zuwa Mayu kusan babu ɗigo, ga ƙurar hunturu. Wa zai wanke? Sannan zafin bangon da ke fuskantar yamma a Kano ko Sakkwato ba irin na Jamus ba ne. Ba zan ce wa mai gini ya biya ƙarin kuɗi ba sai na ga an gwada a nan.

Malama_Kimiyya:
Wannan ja ne mai ƙarfi, Injiniya, kuma na karɓa. Abin da zan ce kawai, taurin fuskar yana aiki ko babu ruwa, domin ƙura ta sauka a kan abu mai tauri daban ne da ta nutse cikin abu mai danƙo. Ta farko ruwan farko zai tafi da ita, ta biyu ta zama ɗaya da fentin. Amma gwaji a yanayinmu ya zama dole. Ba ma abu ne mai tsada ba: allunan siminti, a shafa kowanne da irinsa, a jingine su a rana shekara guda, a riƙa auna haskensu duk wata. Aikin da ɗaliban digiri na biyu za su iya yi ne.

Ummu_Hanan:
Ku ba ni dama in fita daga fenti kaɗan. Ni a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti nake aiki, kuma irin waɗannan ƙwayoyin muna taɓa su. Akwai ƙananan duwatsun roba da aka cusa wa garin ƙarfe mai bin maganaɗisu. Ana sa musu abin da zai kama ƙwayar halittar da ake nema a cikin jini ko majina, sai a kawo maganaɗisu gefen kwalbar, su taru wuri ɗaya da abin da suka kamo, a zubar da sauran. Da an ɗauke maganaɗisun sai su sake watsewa, ba sa riƙe ƙarfin. Wani farfesa ɗan Norwe, John Ugelstad, shi ya gano yadda ake yin ƙwayoyin roba masu girma ɗaya sak, daga aikinsa aka samu Dynabeads. Lokacin korona an yi amfani da ƙwayoyi masu bin maganaɗisu sosai wajen tsamo ƙwayar halittar cutar kafin a saka a injin.

Dan_Maradi_77:
Hajiya, shi ne wanda ake gwajin sanƙarau da shi? Na taɓa gani a likita lokacin da ƙanena ya kwanta, an ɗiga ruwan bayansa a kan kati an haɗa da wani farin ruwa, suka ce lateks.

Ummu_Hanan:
Allah ya ƙara masa lafiya. Wancan dangi ne amma ba shi ba ne. Lateks ne na roba zalla da aka manna wa sinadarin garkuwar jiki, in ya haɗu da ƙwayar cutar sai ya cure kamar madarar da ta tsinke, a gani da ido. Tun 1956 Singer da Plotz suka fara irin wannan gwajin a kan ciwon gaɓoɓi. Babu ma'adini a cikinsa, shi ya sa bai shiga wanda ake magana ba.

Dan_Kankara:
Ni tambayata ta kasuwa ce. Muna da farar ƙasa a Ƙanƙara, akwai a Alkaleri ta Bauchi, tireloli suna ɗiba. Malam Mai Fenti ya ambaci yumɓu. Me zai hana a yi wannan lateks ɗin da tamu, maimakon a sayar da ita a buhu da arha?

Dalibi_Samaru:
Yallabai, farar ƙasarku kawolin ce, kuma tana shiga fenti da takarda tun da daɗewa. Takarda mai sheƙi ta mujalla ma kawolin ne da lateks aka shafa mata. Amma wadda aka fi amfani da ita a irin wannan haɗin ita ce mai kumbura a ruwa, dangin bentonayit, saboda ana iya ɓare ta falle-falle, kowane falle kaurinsa kusan nanomita ɗaya. Irin waɗannan fallayen idan suka jeru a cikin roba sai ruwa da iska su yi ta kewaye kafin su ratsa. Masu bincike na Toyota a Japan ne suka fara nuna ƙarfin abin a ƙarshen shekarun 1980, da suka haɗa nailan da yumɓu. Kawolin fallayensa sun kama juna da ƙarfi, ɓare shi ya fi wuya. Ba a ce ba zai yiwu ba.

Dan_Kankara:
To ko wankewa da tacewa aka yi a nan aka daidaita girmansa, ai an ƙara masa daraja. Yanzu masu fenti suna ƙorafin yashi a ciki.

Mai_Fenti_Dakata:
Wallahi gaskiya ne, sai na tankaɗe kafin in zuba. Amma Malama, maganar taitan nake so a koma, domin shi ne ke cinye jarina. Kin ce yana dunƙulewa. Wato ina biyan kuɗin abin da ba ya aiki?

Malama_Kimiyya:
Wani ɓangare, e. Abin da ya sa taitan ke rufe bango shi ne ƙarfinsa na karkatar da haske. A ma'aunin da ake amfani da shi, rutayil yana wajen 2.7, roba wajen 1.5, kalsiyom wajen 1.6. Ka ga kalsiyom da roba kusan ɗaya suke, shi ya sa in roba ta jiƙa shi ba ya rufe komai. Ƙwayar taitan ta fi aiki idan girmanta ya kai kusan nanomita 250 kuma akwai ɗan fili tsakaninta da ta kusa. Idan suka cunkushe, goma sai su yi aikin da bai kai na goma ba. Kamfanin Dow ya yi wani lateks mai suna Evoque wanda ƙwayoyinsa ke kama jikin taitan a lokacin haɗa fenti su kewaye shi, kowace ƙwaya ta samu filinta. Sun ce ana iya rage taitan har kusan kashi 20 cikin 100 a sami rufi iri ɗaya, kuma ya samu lambar yabon kimiyyar sinadarai mai kare muhalli ta shugaban Amurka a 2013. Wannan shi ne nau'in da ya fi kusa da aikinka, domin a cikin duron mai fenti haɗuwar take faruwa, sai dai an riga an gina wa lateks ɗin hannun kamawa tun daga masana'anta.

Kafin ka kai can, ka tabbata kana niƙa taitan da Calgon da ruwa kaɗan a injin mai gudu har ya watse sarai, kafin kalsiyom, kafin roba. Da yawa suna zuba komai lokaci ɗaya.

Hajiya_Mai_Gida:
Ni ba masaniya ba ce, mai gida ce mai yara. Waɗannan ƙananan abubuwan da ido ba ya gani, ba sa cutarwa? Na ji an hana taitan a Turai.

Injiniya_Fagge:
Hajiya, a abinci aka hana shi, Tarayyar Turai ta yi hakan a 2022. A fenti ana amfani da shi har gobe. In fenti ya bushe ƙwayoyin suna ɗaure a cikin roba. Wanda ke cikin haɗari shi ne mai zuba buhun gari a duro da mai goge tsohon bango da samfefa, saboda shaƙa. Su ya kamata su sa takunkumi na ƙwarai, ba ƙyalle ba. Malam Mai Fenti, yaran shagonka fa?

Mai_Fenti_Dakata:
Akwai takunkumi, amma ba kullum suke sawa ba saboda zafi. Zan matsa musu, in sha Allah.

Baban_Walid:
Har yanzu ina nan a kan bakana ta fuskar kuɗi. Mutumin da ke neman bokiti mafi arha ba zai tambayi silika ba. In Malam ya sa lateks mai tsada, wa zai saya?

Injiniya_Fagge:
Masu manyan gine-gine za su saya in sun ga shaida, domin kuɗin kafa katakon hawa a sake fentin bene mai hawa huɗu ya fi bambancin kuɗin bokiti. Mai ɗaki biyu kuwa akirilik na gari ya ishe shi.

Mai_Fenti_Dakata:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan yi gwajin allunan da Malama ta faɗa a kan rufin shagona: ɗaya PVA, ɗaya akirilik, ɗaya akirilik da rutayil da aka niƙa yadda ta ce. Na huɗun ne ban san inda zan samu ba. Akwai wanda ya taɓa ganin lateks mai silika a wurin dillalan sinadarai na Kano ko Legas, ko da jarka ɗaya ce?

Dalibi_Samaru:
Baba, in ba a samu ba, zan tambayi malaminmu ko za a iya dafa lita ɗaya a ɗakin gwajinmu. Silikar ma ana iya yin ta da hanyar Stöber ta 1968, barasar gwaji da ammoniya da sinadarin silikon ake buƙata. Allo nawa lita ɗaya za ta shafe a irin haɗinka?